Makullin Kufan Dargaza

Kwanaki ke nan wata magana ta tsaya mini a rai, ko tuwo na kai baki ba na jin daɗinsa. Tun rasuwar maigidana ni kaɗai ce a gida, ba wanda zan waiga in yi shawara da shi. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku, duk da karatun nawa bai yi nisa ba.

A Kufan Dargaza aka haife ni. Ina yarinya rijiyoyin garin suka ƙafe, mutane suka taso suka dawo bakin hanya, daji ya cinye garin. Amma ganuwa na nan, da ramukan marina, da wurin da kakanninmu suka narka tama, da maƙabartar da mahaifiyata ke kwance. Bana aka ce sabon titi zai ratsa ta wajen. Wata malamar jami'a mai binciken kayan tarihi, Dakta Asabe, ta zo ta ce in an fitar da taswirar da ta nuna ainihin inda komai yake, ana iya kautar da titin. Sai dai ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ɗalibanta kuma suna hutu. 'Ya'yana uku suka ɗauki aikin.

Ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, Baffa ake ce masa a gida, manomi ne can nesa a bakin kogi. Shi Dakta ta koya wa riƙon wata na'ura mai kama da waya, GPS, wadda ke karɓo lambobi daga tauraron ɗan Adam ta gaya maka inda kake tsaye. Ya baro gonarsa ana tsakiyar noma, ya shiga sarƙaƙiya. Kowace kusurwar ganuwa, kowane rami, kowane gefen maƙabarta, sai ya tsaya cak har lambobin su daina rawa kafin ya danna. Ƙarƙashin manyan itatuwa na'urar rikicewa take yi, haka zai tsaya cinnaka na cizonsa. Kunama ta harbe shi, ciyawa ta cinye masa gero. Ba don shi ba, da babu lamba ko ɗaya.

Mai bi masa, Barira, tana aure a birni, ta yi karatun kwamfuta. Ita ta zuba lambobin cikin manhajar zana taswira, ta ɗora su a kan taswirar masu titi, kowace lamba ta zama ɗigo. Sai ga wayarta.

“Inna, tsohuwar rijiyar nan a tsakiyar rafi take?”

“Ke Barira, wa zai haƙa rijiya a cikin ruwa? A kan tudu take.”

“To akwai matsala.”

Ashe ma'aunin da na'urar ke lissafi da shi daban, na taswirar masu titi daban, don haka ɗige-ɗigen duk suka zame gefe guda, kamar tsawon filin ƙwallo. A takarda titin ya wuce lafiya ta gefen maƙabarta, alhali a ƙasa ta kanta zai bi. Ta daidaita ma'aunan biyu, sannan da tsohon cikinta ta hau mota ta zo ta tsaya bakin rijiyar da na'urar don ta tabbatar. Da yayanta ya ji, cewa ya yi, “Wato ni na sha ƙaya a banza, ke da ke zaune ƙarƙashin fanka ke ce gwana?” Ba don ita ba, da taswirar tamu ce za ta ba su hanya.

Autana Tasi'u kuwa direban katafila ne a kamfanin da ke aikin titin. Ranar da suka iso bakin maƙabartar, taswirar da aka aika ofis ba ta kai hannun injiniya ba. Aka ce ya ture. Ya kashe inji, ya diro da kwafin da Barira ta ba shi. “Oga, kakata ce a ƙarƙashin nan. Ka auna da na'urarka, in ƙarya ne ni zan fara turewa.” Injiniya ya auna, lambobi suka zo daidai, aka karkatar da titin. Shi kuma aka sallame shi saboda tsayar da aiki. Ba don shi ba, da taswirar ta iso bayan an gama ɓarna.

Yanzu an kewaye kufan da waya, an sa ƙofa. Da yake tun asali gidanmu ke kula da maƙabartar, kuma ni na rage, aka ce in ba da sunan mutum ɗaya da zai riƙe makulli, ya dawo garin nan da zama. Dakta ta ce suna ɗaya dai ake so. Barira ma mijinta ya yarda su taso.

Baffa ya ce, “Inna, ƙafar wa ta taka wurin?” Barira ta ce, “Inna, ni dai kin san abin da na gani wanda ba wanda ya gani.” Tasi'u ya ce, “Duk yadda kika yi daidai ne,” ya kashe waya, ban sake samunsa ba. Su ukun sun daina gaisawa da juna, Baffa da Barira ma ta bakina suke jin labarin juna.

Ni dai ina son in ji sallamar ɗaya daga cikinsu a ƙofata kullum. Amma ina tsoron in dawo da ɗaya in rasa biyu. To jama'a, don Allah ku gaya mini: a cikin su ukun, wa ya fi cancanta in miƙa wa makullin nan?