Motar Suruki a Garejin Tanimu

Ku matso, ku da ba kwa rasa ta cewa, yau na kawo muku abin gardama.

An yi wani bakanike, Tanimu, gwanin aiki amma sarkin "dawo gobe". Surukinsa Malam Haladu ya kawo masa mota gyara. Kun san suruki ba ya tsayawa cacar baki da mijin 'yarsa, Tanimu ma ya san haka. Da wani direba, Sa'adu, ya zo yana ta masifa, sai Tanimu ya kwance famfon man motar surukin ya ɗaura masa. Wata uku motar tana kan duwatsu, har kaji suka fara ƙwai a ciki.

Ana nan likitocin ido suka sauka a birni, kwana ɗaya tak za su yi. Inna Kande, matar Malam Haladu, yanar ido ta hana ta gani. Aka aiko cewa gobe da hantsi za a zo ɗaukar mota.

Talatu, matar Tanimu, ta san wanda aka ɗaura wa famfon. Da sassafe ta bi tasha uku da goyo a bayanta har ta gano Sa'adu.

Shi kuwa Sa'adu ya riga ya cika mota da fasinjan kasuwa. Da ya ji wai famfon na suruki ne, sai ya sauke su suna zaginsa, ya kwance ya miƙa mata.

Kafin ta iso, Malam Haladu ya zo da maƙwabta 'yan rakiya. Ya hango motar ba taya, ya hango Tanimu a ƙarƙashinta. Sai ya juya baya ya ce, "Af, tsufa! Ai sai azahar muka yi da yaron nan." Ya janye su gindin darbejiya da hira.

Talatu ta iso da famfon, Tanimu ya haɗa motar, ya kai Inna Kande ana dab da rufe layi. Ranar da aka cire mata bandeji ta ce, "Ku kira mini Tanimu, in ga ɗan albarkan da ya kawo ni." Ya zo ya durƙusa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita tana ganinsa sarai, shi ya kasa ɗaga ido.

To, tsakanin Talatu da Sa'adu da Malam Haladu, wa ya fi rufa wa Tanimu asiri?