Launin Ƙyanda

An yi wani mutum, wani bawan Allah marini, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Jatau ake ce masa, amma hannunsa kam baban rini ya riga ya ƙwace, ko a sallar idi shuɗi ne. Mutum ne mai kunya, mai son yara, kuma in ya yi magana unguwa na ji.

To, ku saurara. Shekarun baya, da masu allurar rigakafin ƙyanda suka zo, Jatau ne ya fara rufe ƙofa, maƙwabta suka bi shi. A daminar nan ƙyanda ta ɗauke 'yarsa Delu. Ya ce wa mutane zazzaɓi ne, ya haɗiye sauran. Tun daga nan ba a ƙara yi wa yaron unguwar allura ba.

Ana nan sai ga wata malamar asibiti, Tasalla, da takardu masu zanen ƙwayoyin cuta, wata kamar tsutsa, wata kamar ƙwallon goriba. So take yara su shafa musu launi, su san abin da allura ke kora. Amma abin shafawar bai iso ba. Sai ta roƙi Jatau, ya jiƙa baba da lalle da gangamau mai ba da rawaya, ya tattauna bakin tsinke ya raba wa yara a ƙofar gidansa. Malama na ba su labarin wani mai haɗa gilashin ƙara girman abu can da, wanda ya leƙa ɗigon ruwa da shi ya ga halittu na iyo. Ta ce allura nuna wa jiki kamannin ɓarawo ce tun bai zo ba. Iyaye kuwa na tsaye nesa, ba malama suke kallo ba, bakin Jatau suke jira.

Sai wata 'yar mitsitsiya, Lanti, hanci duk rawaya, ta ɗago takardarta.

"Baba, ƙyanda wane launi ce?"

Jama'a, da ya ce baƙa, wa zai kama shi? Da ya ce tambayi malama, shi ke nan, girmansa na nan. Jatau ya ajiye tsinken hannunsa, ya dube ta.

"Ƙwayar ban taɓa gani ba, 'yata. Amma na ga aikinta, ja ne, a wuyan Delu. Ajali na Allah ne, amma ƙofar ni na rufe, kuma na ɓoye wa iyayenku. Gobe in za a yi allura, ni zan riƙe miki hannu."

Ya faɗa da ƙarfi don na nesa su ji, hawaye na bin gemunsa. Lanti ta tsoma tsinke a lalle. Washegari layin allura har bakin masallaci.

'Yan'uwa, ba gaskiyar da ke ƙara maka girma ce gwaji ba, wadda ke rage shi ce. Waye a cikinmu bai taɓa ba da shawarar da ta ɓata ba, ya gane, ya yi shiru? Wanda ka ɓatar a bainar jama'a, a bainar jama'a za ka dawo da shi. Ka je ka faɗa yau, ko da mai tambayar bai kai gwiwarka tsawo ba. Allah Ya ba mu ikon cewa "na yi kuskure".