Shugaban Masu Mangwaro da Shari'ar Ƙasashe Biyu

Akwai wani mai lambun mangwaro da kowa ke kira Shugaba, saboda shi ke jagorantar ƙungiyar masu fitar da mangwaro zuwa ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu. Itatuwa ɗari huɗu gare shi, rabi mahaifinsa ya dasa, rabi shi. Aikinsa da tsafta, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Sai dai in ya ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna kawai.

Wata shekara ana tsakiyar tsinka, maƙwabciyar ƙasar ta rufe ƙofa. Wai an ga tsutsar ƙuda a cikin wani kwali. Manyan motoci sha ɗaya suka juyo daga kan iyaka, ruwan mangwaro na ɗiga ta ƙarƙashinsu.

Gwamnati ta turo wata lauya daga ma'aikatar ciniki. Ta sami 'yan ƙungiya a rumfar da ake tantance mangwaro, ta jawo kwali ta zauna.

Ta ce, "Shugaba, kafin ƙasa ta kai ƙasa gaban alƙalan ciniki na duniya, sai an yi zaman sulhu na wata biyu. Kuma mutanen ƙasar can sun kawo tayi. Za su turo mutum biyu su rataya tarkon ƙuda a lambunanku na kaka ɗaya. In ba a kama komai ba, su buɗe."

"Su rataya me?"

"Tarko. Ɗan gwangwani ne da ake ɗaurawa a reshe."

"A lambun ubana? Wato mu ne ƙazamai, sai baƙo ya zo ya duba mu?"

Ƙaninsa, wanda ke tuƙa motar lambun, ya ce, "Haba Yaya, mu da muka san namu lafiya lau yake? Su zo su rataya har a wuyana."

Aka kwashe da dariya, ban da Shugaba.

Lauyar ta sassauta murya. "Ranka ya daɗe, shari'ar nan za mu iya ci. Amma shekaru take ɗauka, ku kuma kayanku kwana goma suke yi."

"A kai su ƙara," in ji shi. "Gaskiyarmu ce."

Babu wanda ya iya ɗaga masa murya. Ƙungiya ta ƙi tayin, gwamnati ta shigar da ƙara.

Kaka ta farko mangwaro ya cika kasuwannin gida har ana ba da shi kyauta ana roƙon mutum ya karɓa. Kaka ta biyu suka haƙa ramuka suna binnewa, don wari ya hana maƙwabta sakat. A ta uku matan da ke jera kwali suka watse, ƙanin nasa ma ya tattara iyalinsa ya tafi neman tuƙi a wani gari. Ko sallamar kirki ba su yi ba, abin da ya fi ci wa Shugaba rai ke nan.

A shekara ta huɗu hukunci ya fito: alƙalai sun ce rufe ƙofar bai da hujja. Shugaba ya sa sabuwar riga ya nufi ofishin lauyar. Ya same ta cikin tulin takardu, fanka na juyawa a kanta, fuskarta ba walwala.

"Sun ɗaukaka ƙara," ta ce.

"To a je can ɗin mana."

"Babu alƙalai a can. Ƙasashe sun kasa jituwa kan waɗanda za a naɗa. Kafin a saurari ƙarar, ƙofa tana nan a rufe."

"Sai yaushe?"

"Wallahi ban sani ba."

Ya murza hularsa. Can ya ce, "'Yata, ki ce musu su zo su rataya abin nasu. Ni da kaina zan riƙe musu tsani."

"Baba, na tambaya tun bara. Dillalan can sun koma sayo daga wata ƙasa. Babu mai matsa wa gwamnatinsu ta buɗe, babu kuma mai sha'awar tayin."

Jama'a, ban taɓa jin tausayin mai taurin kai irin wannan ba.

Bayan wata biyu ya sayar da itatuwan ga masu katako. Suka iso da hantsi da injinansu, babbansu ya tambaye shi ta ina za su fara.

Ya juya musu baya ya ce, "Ku fara daga can ƙarshe, inda ba na hangowa."

Darasi: Kasancewa da gaskiya ba ya nufin ka ƙi zama a sasanta. Ƙasa da ƙasa ne ko mutum da ɗan'uwansa, in an miƙo maka hanyar sulhu ka karɓa tun abin da kake karewa yana nan, don hukunci kan iso bayan ya riga ya salwanta. Ku tura wa wanda kuka san ya rantse sai kotu.