Toka a Wutsiyar Gafiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Haka ake amsawa, kamar waɗanda ba a ba tuwo ba? To, ku matso. Ke Ladidi, bar tsokanar wutar nan, za ki ƙona mini zani.

An yi wata Bushiya, tana zaune a bakin fadama, mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya gare ta, tana aure a wani gari mai tafiyar kwana uku. 'Yar fari ce, don haka Bushiya ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ana nan sai aka aiko cewa yarinyar nan tana da ciki. In bazara ta kama a zo a ɗauke ta, ta haihu a gaban uwarta.

Bushiya ta yi murna, sannan ta zauna ta yi tagumi. Kun san bazara. Fadama ta bushe, tumatir ya ɓace, ko ganyen miya sai an sha wuya. Mai jego kuwa ba a ba ta gayan tuwo. In ba ta ci ta ƙoshi ba nono ba zai zo ba, jariri ya yi ta kuka. Ga shi yanzu lambu ya yi albarka, tumatir har tattaka shi ake yi, amma in ka zuba shi a kwando ko kwana bakwai ba zai yi ba.

Bushiya tana da maƙwabciya, Gafiya. Gafiya kuwa kumatunta jaka ne. In ta shiga gidanki ta fito, ba hannunta za ki duba ba, kumatun za ki duba. Kullum da safe sai ta zo da ɗan kaskonta wai ɗiban wuta, alhali ido ta kawo.

Ran farko ta yi sallama. "Yaya Bushiya, na zo ɗiban wuta."

"Shigo ki ɗiba."

Ta tarar da Bushiya ta wanke tumatir tana yanka shi biyu-biyu. Ta barbaɗa masa ɗan gishiri, ta jera shi a sabuwar tabarma bisa rumfa, inda ƙasa ba za ta taɓa shi ba. Kuɓewa ma ta yanka ta siri-siri ta baza a gefe. Tana yi tana waƙa:

Rana, sha ruwan, bar mini zaƙin,
Rana, ɗauki naki, bar mini nawa.

Gafiya ta riƙe baki. "Yaya, wannan kuma wace irin ɓarna ce? Tumatir ja jawur ki ba rana?"

Bushiya ta ce, "Haka na ga uwata tana yi." Da yamma ta kwashe kafin raɓa ta sauka, da safe ta mayar ta juya. Haka ta yi ta yi har tumatirin ya yamutse ya yi baƙi, ya zama kauɗa.

Rana ta biyu Gafiya ta sake sallama. "Yaya Bushiya, na zo ɗiban wuta."

"Shigo ki ɗiba."

Ta tarar da zogale an tsige, an ɗauraye, an baza a cikin ɗaki inda iska ke ratsawa.

"Yaya, wannan kuma wace irin ɓarna ce? Jiya kin ba rana, yau kin hana ta?"

"Ganye ba ya son rana. In ta doke shi sai ya koɗe, a inuwa yake bushewa da korensa. Haka na ga uwata tana yi."

Gafiya ta fita tana dariya har wutarta ta kusa zubewa.

Rana ta uku, ku faɗa mini, me Gafiya ta ce? Yauwa, ta zo ɗiban wuta. Ta tarar da Bushiya ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya ta gatsa, ta ji ƙas, ta ce ya bushe. Ga toka mai sanyi ta tankaɗe, tana cuɗa waken da ita tana zubawa a tulu.

"Yaya, wake da toka? Ai kin gama da shi."

"Ƙwari ne na gama da su. Haka na ga uwata tana yi."

Gafiya ta ɗauki wutarta ta tafi tana girgiza kai. Da ta ƙara jinkiri kaɗan, da ta ga sauran aikin. Bushiya ta daka busasshen barkono mai yawa, ta gauraya da sauran tokar, ta cika bakin tulun da ita, ta kifa murfi ta liƙe da laka.

Bazara ta kama, lokacin tafiya ya yi. Bushiya ta zuba kauɗa da kuɓewa a buhu ɗaya, ta ƙulle zogalen a tsumma ta cusa a ciki, ta rataye buhun a ɗaki. Sauran tsinkar ƙarshe ta lambu, ɗan tumatir da tattasai da bai gama nuna ba, ta sa su a ƙaramar tukunya. Ƙaramar ta sa ta cikin babba, ta cika tsakaninsu da yashi, ta jiƙa yashin, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Wannan na miyar ranar dawowa ne. Amma yashin yana son ruwa safe da yamma, ba kuwa wanda za ta bar wa sai maƙwabciya. Ta san halinta sarai, kada ku ce ba ta sani ba. Ba ta da wata ce.

"Gafiya, ga amana. Ki riƙa zuba wa yashin nan ruwa, in ya bushe sanyin ya tafi. Kwana bakwai zan yi."

"Haba Yaya, gidanki ai gidana ne."

Nan kam ta faɗi gaskiya. Ƙurar Bushiya ba ta kwanta ba Gafiya ta buɗe tukunya. Ta cika kumatu, ta kai raminta, ta dawo, ta cika kumatu, har tukunya ta zama wayam. Ta jibge su wuri ɗaya, masu shaidar haƙoranta da masu lafiya duk a haɗe, ta toshe bakin ramin da ƙasa don kada wani ya gani. Ramin kuwa zafi kamar murhu.

Kashegari ta koma. Ta ce, "Ba mai hankalin da zai ci wannan sharar. Akwai abin da ta ɓoye a ƙarƙashi." Ta ciro buhun, ta ja shi tsakar gida inda haske yake, ta kwance baki ta tona har ƙasa. Ba komai sai baƙin tumatir. Ta yi tsaki, ta bar shi nan baki buɗe.

Rana ta uku ta tuna da wake. Ta ce ko da toka a jikinsa ai sai a busa. Ta fasa lakar, ta ɗaga murfi, ta zura hanci. Barkono ya ce salamu alaikum. Ta yi atishawa, ta sake, ta sake, har ta faɗi da baya. Kwaɗayi bai bar ta ba. Ta ce to hanci ya ƙi, bari a gwada wutsiya. Ta juya ta tsoma wutsiyarta har rabi tana lalube. Nan take wutsiyar ta ɗauki raɗaɗi. Ta fita da gudu, ba ta sake waiwayar gidan ba.

To, ga buhu a tsakar gida baki buɗe. A rana ta bakwai kuma, Bushiya da 'yarta suna kan hanya, sai gabas ta yi baƙi. Hadarin ruwan farko ya taso.

Bushiya ba ta san an taɓa buhunta ba, amma da ta ga hadarin sai ta so ta yi sauri. Ga ƙafarta gajeruwa, ga yarinya da tsohon ciki ba ta iya sauri.

"Inna, bayana yana ciwo."

"Sannu. Daure, ga tsamiyar gidanmu can."

Iska ta fara kaɗawa. Suka iso cikin duhun hadari, ƙofa a buɗe. Bushiya ta kai yarinyar ɗaki ta kwantar, ta duba tukunya, yashi ya bushe ƙayau, ba komai a ciki. Ta ɗaga kai inda ta rataye buhu, sai igiya. Ta dubi tulu, murfi a ƙasa, toka ko'ina. Ta zauna daɓas. Duk wahalar da ta sha ta tafi, ga yarinya tana nishi, me za ta ba ta? Wallahi ni kaina in na zo nan sai na ji tausayinta.

Sai ta ji ɗigon ruwa ɗaya a kan rumfa. Ta leƙa waje, ta hangi wani abu kwance a tsakar gida, iska tana kaɗa bakinsa. Abin da aka busar kuwa in ruwa ya taɓa shi ya gama, fumfuna ce za ta cinye. Ban san inda tsohuwar nan ta samo ƙarfi ba. Ta kama bakin buhun da haƙori, ta ja, ta ja, ta ja. Gindinsa yana tsallake dokin ƙofa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Ta zura hannu a buhun, kauɗa tana ƙaras-ƙaras, ko danshi babu. Ta kwance tsumma, zogale kore shar. Ta je tulu, ta yaye tokar sama da ludayi, ta ɗebo wake ta busa, ko huda ɗaya babu a jikinsa. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya ji ƙan uwata." Ta yi ta dariya ita kaɗai, hawaye yana zuba.

Kafin ruwa ya ɗauke yarinyar nan ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Bushiya ta jiƙa kauɗa a ruwan ɗumi har ta kumbura, ta niƙa, ta kaɗa miya da kuɓewa. Ta wanke wake ta dafa da zogale. Mai jego ta ci ta ƙara, nono ya zo, jaririya ta sha ta yi barci.

Gafiya fa? Da ta buɗe raminta wari ne ya fara fitowa. Masu shaidar haƙori sun ruɓe, sun ja sauran, duk sun narke sun zama ruwa. Ta kwana shida da yunwa. Ranar suna ƙamshin miya ya ishe ta, ta ɗauki kasko ta taho.

"Yaya Bushiya, na zo ɗiban wuta."

"Shigo ki zauna, yau ba wuta za ki ɗiba ba."

Aka zuba mata tuwo a gaban mata, ta zauna a kan wutsiyarta. Ta ci, aka ƙara, ta ci, aka ƙara. Ta suɗe kwano ta ce, "Yaya, a wannan bazarar ina kika samo tumatir haka?"

Bushiya ta ce, "Sharar nan ce da kika bar mini a tsakar gida."

"Ni? Ni ko ɗakinki ban shiga ba."

Ta miƙe za ta fita da fushi, sai wutsiya ta bayyana, rabi baƙi rabi fari fat. Mata suka dubi wutsiyar, suka dubi tulun toka, sai dariya ta kufce wa wata tsohuwa. Gafiya ta bar kaskonta a nan. Ta wanke wutsiyar a rafi, ta goge ta da yashi, farin bai fita ba. Har yau in kun ga gafiya ku dubi wutsiyarta, tokar tana nan. Kunyar ce ta sa ba ta fitowa sai mutane sun shige ɗaki.

Kun ji. In kun ga babba tana wani aiki a madafi ba ku gane ba, kada ku yi mata dariya, ku tsaya ku gani har ƙarshe. In kuma an ba ku yashi ku jiƙa, ku jiƙa yashin ku bar abin da ke cikin tukunya. Ke Jummala, da ke nake, na ga wanda ya buɗe mini tulun gyaɗa jiya.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wadda ta ce ƙarya na yi, gobe ta kamo gafiya mu duba wutsiyar tare.