Manomin da Ya Koyi Yin Shiru

Akwai wani manomi mai babban gandu da 'ya'ya maza uku, duk magidanta. Mutumin kirki ne, sai dai a gidansa ko kaza ba ta yin ƙwai sai da izininsa. In ruwan fari ya sauka, shi kaɗai ke tona ƙasa da hannu ya duba zurfin damshi, sa'an nan ya ce a shuka ko a dakata.

Wata rana matarsa ta ce masa, "Maigida, ka haifi maza, amma ka mayar da su sungumi. Sai ka ɗaga su suke motsi."

Maganar ta yi masa zafi, gama gaskiya ce. Da damina ta zo, ya kai su gona, ya sa kowa ya tona ya faɗi abin da ya gani. Shi kuwa ya yi shiru, shirun da ya fi masa noma wuya. Babbansu, Habila, ya yi gaggawar shuka, fegi guda ya ƙone. Uban ya haɗiye faɗansa, ya ce, "To, me ƙasar ta koya maka?"

Bayan shekara uku aka yi fari. Irin gero da ya rage musu ƙwarya biyu ne kawai, in ya lalace babu wani. Ana dab da shuka, ciwo ya kwantar da manomin a asibiti, can nesa da gida. Yana kwance ya ji an yi ruwa a ƙauyensu, kowa ya fita shuka. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Da Habila ya zo duba shi, ya tambaye shi, "Kun shuka?"

"A'a, Baba. Mun tona mu uku, damshin bai kai tsawon yatsa ba. Mutane na ce mana ragwaye, amma irin yana rumbu."

Kwana goma sha biyu ba a sake yin ruwa ba, shukar maƙwabta ta ƙone. Da ruwan kirki ya sauka, 'ya'yan suka shuka ba tare da aiko masa tambaya ba. Ran da ya dawo, ya tarar da gero ya kai gwiwa. Ya durƙusa a bakin gona ya gode wa Allah da hawaye, ya kuma je gida ya gode wa matarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin shi ne duk wanda Allah ya ba shugabanci, a gida ko a ikkilisiya. Irin kuwa aikin da aka danƙa masa ne. Ubangijinmu bai riƙe almajiransa a gefensa kullum ba, ya koya musu, ya aike su biyu biyu. Mu ma da muke tsaye yau, wani ne ya amince da mu tun muna kuskure. Mu gode masa. Kai kuma shugaba, koya wa mutanenka tun kana da ƙafa, gama ruwa ba zai jira ka warke ba.