Kunkuru da Jirage Masu Kan Maciji

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani tsibiri akwai gidan ibada inda wasu dabbobi suka keɓe kansu don bautar Allah. Ba su da takobi, ƙofarsu ma ba sakata. Babbansu tsohon Kunkuru ne, wanda ya shekara arba'in yana rubuta littafi guda da hannu, aka yi wa littafin bangon zinariya. Al'adarsu kuwa, in an hango jirgi sai a kaɗa ƙararrawa don baƙo ya gane hanya.

Wata safiya Zalɓe mai gadi ya sheƙo. "Baba, ga jirage can daga arewa, dogaye, masu kan maciji!"

Kunkuru ya leƙa, ya saki baki. Tunda yake bai taɓa ganin irinsu ba. Suna tsaga teku kamar wuƙa a kabewa, har kan yashi suke hawa. Ya ce, "Ikon Allah! Kaɗa musu, ɗana. Baƙo ba ya ɓata a ƙofarmu."

Ashe kyarketai ne, 'yan hari. Suka bi ƙarar, suka kwashe komai. Shugabansu ya fizge littafin, ya ɓamɓare bangon, ya watsar da takardun.

Ya daka tsawa, "Tsoho, ina sauran dukiyar?"

Kunkuru ya ce, "Ga ta nan kana takawa."

Kyarkeci ya duba, ya ga takardu, ya tuntsire da dariya. Suka tura jiragensu, suka tafi.

Kunkuru ya shiga tsince takardunsa ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗa kai. "Ka ga abin mamaki, Zalɓe? Sun ƙetaro teku guda, sun ɗauki ɓawo, sun bar mana gyaɗar."

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniyata ta bi ruwa ta tafi.