Amawalin Sarki Tankari

A zamanin da, a wata ƙasa da ba zan ɓata bakina wajen faɗin sunanta ba, an yi wani azzalumin sarki, Tankari, wanda ya shekara goma sha tara yana cin mutane kamar gyaɗa. Da talakawa suka yi masa bore, sai gogan ya ɓace. Bayan wata uku aka zaƙulo shi daga rumbun wata tsohuwa, gemu duk ƙaiƙayi.

Sabon sarki, Nababa, ya kafa doka: kada a taɓa shi sai an tuhume shi a gaban jama'a, a ji wanda ya ba da umarnin kashe mutum ɗari huɗu da suka shiga fada ba su fito ba.

Alƙali Zubairu ya tambaye shi. Tankari ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya gafarta malam, sarki ba ya magana da talaka baki da baki. Sankira, maroƙin fada, shi ne ke ɗaukar maganata ya kai wa mutane. A kawo wanda ya taɓa jin kalmar kisa daga bakina. In Sankira ya ƙara gishiri, shi za ku tambaya."

Fada ta rabu biyu. Malamai suka ce babu hukunci sai da shaida, fatake suka ce ƙarya yake shirgawa. Washegari munafukin ya ƙara wuta: "Ga Waziri Jatau can yana sunne kai. Shi ne ke raɗa wa Sankira sunaye."

To, Jatau kuwa ya yi wa Tankari waziranci kafin ya yi wa Nababa. Kowa ya fara satar kallon na kusa da shi. Sarki ya daina cin abincin da ake aikowa daga gidan Waziri.

Aka ɗaure Sankira, tsoho mai haƙori biyu, yana rantsuwa cewa kirari kaɗai ya sani. Sarki ya ce, "Ranar Laraba a sare shi. Kai kuma Waziri, ka bi bayansa, in ba ka kawo abin da ya fi rantsuwa ba."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a mayar wa Tankari da rawaninsa, a zaunar da shi a shimfiɗa."

Sarki ya ce, "A gabana za ka sake naɗa shi?"

"Na rabin yini kawai. In na ci amana, ga wuyana."

Ranar Laraba aka yi haka. Aka ɗaure bakin Sankira da tsumma. Aka kawo tsofaffin dogaran Tankari guda uku, kowanne daga kurkuku daban, da mari a ƙafa. Sannan Waziri ya shigo da Inna Tabawa mai daddawa, wadda 'ya'yanta biyu ke cikin ɗari huɗun nan.

Ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Kai, Tankari, ɗan mai wankau, na san ka tun kana satar ƙuliƙuli a tallan maƙwabciyarmu Dije. An ce a rumbu aka same ka. Gafiyoyin sun yi maka mubaya'a, ko su ma sun ƙi?"

Fada ta ɓarke da dariya. Idon Tankari ya kaɗa. Bai ce uffan ba, sai hannunsa ya tashi, ya ja amawali, lulluɓin rawanin nan, ya rufe hanci.

Nan take dogaran uku suka zabura kan tsohuwar a lokaci guda, mari ya harɗe su, suka zube.

Waziri ya ce, "Wa ya ji Sankira ya yi magana?"

Alƙali ya tambayi babban dogarin dalili. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ya ja amawali. Duk wanda aka ja wa, ɗauke shi muke yi, ba ya dawowa. Jikina ne ya riga ni."

Aka kwance Sankira, ya zauna yana kuka. Aka yanke wa Tankari hukuncin da ya saba yanke wa mutane, amma wannan karon da baki aka faɗa, kowa na ji.

Da jama'a suka watse, Sarki ya dubi Waziri, ya ce, "Yaya aka yi ka san wannan?"

"Ranka ya daɗe, shekara goma sha tara ina kallon hannun nan, ina addu'ar kada ya tashi a kaina."

"Sau ɗari huɗu ka ga ya tashi a kan wasu, ka yi shiru. Ka tsira da wuyanka, Jatau. Ajiye rawaninka, ka tafi gona."

Tun daga ranar, sarkin ƙasar nan ba ya zaman shari'a sai da fuska a buɗe.